Shekara uku ina cewa "bana zan shiga fadama", har yau ban ɗaga ƙafa ba

Malamin Lissafi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe ina karanta abin da kuke tattaunawa ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya ishe ni.

Ni malami ne a wata makarantar kuɗi nan Birnin Kebbi, shekara tara ke nan ina riƙe da alli. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana fadama a ƙauyenmu can wajen Bunza. Da aka raba gado na tashi da abin da bai cika kadada ɗaya ba. Tun daga lokacin ɗan wan babanmu ne ke nomawa. In ya girbe ya aiko mini da buhu biyu, ni kuma in yi ta godiya kamar kyauta aka ba ni.

Burina in karɓi gonata in yi shinkafar rani. Na shiga adashi, na kwashe sau biyu, kuɗin suna nan ajiye. Ina da wani littafi mai koren bango da na rubuta komai a ciki: kuɗin haƙa rijiya, injin ban ruwa, iri, taki, masu dashe, masu korar tsuntsu, har da kuɗin motar da zan riƙa hawa ranar Asabar. A 2023 na gama shiri, sai aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 kafin mako ya zagayo. Na ce bari abubuwa su lafa. A 2024 lita ta wuce 1,000, ga gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da abinci ba haraji na kwana 150, daga baya farashin shanshera, wato shinkafar da ba a sussuke ba, ya faɗi warwas. Na ce Alhamdu lillahi da ban shiga ba. Bana kuwa ko hujja ba ni da ita, amma da na tuna sai gabana ya faɗi.

Shekaranjiya da dare matata ta same ni na buɗe littafin nan, ta ce, "Malam, da takarda tana tsiro, da yanzu mun gaji da cin shinkafa." Ta faɗa cikin raha, amma ban runtsa ba.

Waɗanda suka taɓa shiga abu ba su san yadda za a ƙare ba, don Allah ta yaya kuka yi? Tsoron ne ke fita tukuna, ko da shi ake tafiya?

Akawu:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin masu kirari su iso su zuga ka, bari in riga su. Tsoronka yana kan hanya. Noman da za ka yi sunansa noman waya: kai kana aji kana koyar da yara, wani yana can yana ce maka "mai ya ƙare", "taki bai isa ba", "inji ya tsaya". Ka tura, ka tura, ranar girbi a nuna maka buhu bakwai a ce tsuntsayen jan-baki ne suka cinye saura. Na ga ma'aikata fiye da biyar a ofishinmu da suka yi haka, ɗaya har babur ɗinsa ya sayar. Da mugun rawa gara ƙin tashi. Buhu biyun da ake aiko maka ba gumi ba asara, ka raina su ne don ba ka taɓa yin asara ba.

Sabon Jini:
Kai Akawu, irinku ne ke kashe wa mutane zuciya! Malam ka tashi kawai. Tsoro ba komai ba ne, a kai yake. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ka ajiye aikin makarantar ma gaba ɗaya, nawa ake biyan ka?

Maman Ihsan:
Sabon Jini, yi a hankali, mutum da iyalinsa ba a ce masa ya ajiye aiki kamar cire hula.

Malam, tambaya ɗaya gare ni. Shafin farko na littafin nan naka, nawa ka rubuta kuɗin inji? Yanzu kuma nawa yake a kasuwa? Ba sai ka faɗa mana ba, ka duba kai kaɗai.

Ni turara shinkafa nake yi a Jega. Lokacin da zan fara, kuɗin da ke hannuna na buhu uku ne. Na tsaya shawara, na ji wannan na ji wancan, kwana ya yi ta tafiya. Ranar da na yanke na aiki yaro kasuwa, buhu biyu da 'yan kwanoni kuɗin suka saya. Ba wanda ya sace mini, suna ƙulle cikin akwati, makulli a wuyana, amma an ci buhu guda a ciki. Kai da kake malamin lissafi ka fi ni sanin sunan wannan. Kana ganin kamar zaman da kake yi ba ka asarar komai, alhali asarar tana tafiya, ba ta da ƙara ne kawai.

Tukunyar farko kuwa na ƙona ta. Na bar ta kan wuta ta wuce, ƙwayar ta fashe ta yi baƙi, da aka kai inji rabi ya dawo tsaki. Na zauna bakin murhu na yi kuka na share hawaye, muka yi wata guda muna cin fate a gidan. Yau shekara shida, tukunya huɗu gare ni da mata biyu masu taya ni shanya.

Malamin Lissafi:
Hajiya, na duba. Ba zan faɗa ba don kunya. Ya ninka har ya ɗan ɗora.

Ɗan Aliero:
Ni bari in ba ka labarin faɗuwa, tunda ita kake tsoro, ka ji yadda take daga bakin wanda ya ɗanɗana.

Kowa ya san mu da albasa. Ribar albasa kuma ba a gona take ba, a ajiya take: ka cire lokacin zafi tana arha kamar banza, ka zuba a rudu, wato wurin ajiyarta, ka jira damina ta ja baya ta yi tsada. Shekarar da na fara cin gashin kaina na haɗa da kuɗin da na ranta wajen yayata. Na cika rudu biyu. Duk wanda ya wuce sai ya ce yaron nan ya kama hanya. Cikin watan Agusta na fara jin wani wari-wari, na ce ai ba komai, na sama ne. Ranar da muka buɗe, na tura hannu tsakiya, hannun ya nutse har gwiwar hannu kamar cikin kunu. Ruwa baƙi yana bin ƙasa, ƙudaje kamar an yi kiran su. Abin da muka tsinta mai kyau bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Abin da nake so ka ji shi ne wannan. Kafin abin ya faru, in na tuna asara, ba kuɗin ne ke tsorata ni ba, bakin mutane ne. Kuma sun yi. A majalisa an sa mini suna "Alhaji Rudu". Na daina fita sallar magariba a masallacin unguwa, sai in tafi wani can nesa. Ka san kwana nawa aka yi ana maganar? Bai kai mako uku ba. Wani ya saki matarsa a unguwar, aka koma kansa, aka manta da ni kamar ban taɓa noma ba. Bashin yayata ne ya ɗauke ni shekara biyu. Wannan shi ne ciwo na gaske, shi ya sa zan ce maka ko za ka shiga, kada ka shiga da kuɗin wani.

Sunan dai ya bi ni har yau, har yarana sun san shi.

Akawu:
To ka ji. Shekara biyu yana biyan bashi. Abin da nake faɗa ke nan.

Ɗan Aliero:
Akawu, kuma har yau albasar nake yi, da ita na yi aure na gina ɗaki. Kada ka ɗauki rabin labarina ka bar rabi.

Almajirin Gwandu:
Allah ya saka wa kowa. Malam, na ga ba ka ambaci istihara ba, amma na san irinmu, ƙila ka yi ta fi sau goma kana jiran mafarki. Da yawa muna kuskure a nan. Istihara raka'a biyu ce da addu'a, kana roƙon in alheri ne Allah ya sauƙaƙe maka, in sharri ne ya kawar da shi daga gare ka. To ta ina za ka gane an sauƙaƙe ko an kawar in ba ka taka ba? Mutum yana kwance kan katifa ba ya sanin ƙofa a buɗe take ko a rufe.

A cikin Ali Imrana, aya ta 159, shawara aka fara ambata, sannan azama, sannan tawakkali. Kai ka tsaya a ta farko shekara uku. Hadisin tsuntsaye ma da muke yawan kawowa, cewa suna fita da safe da yunwa su dawo da yamma a ƙoshe, a lura, fita suke yi. Kuma Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, da zai yi hijira ya tanadi abin hawa, ya ɗauki ɗan jagora masanin hanya, ya ɓuya kwana uku a kogon Saur. Ba a ce bai yi shiri ba, ba a kuma ce ya zauna sai hanya ta zama babu haɗari ba.

Saboda haka ni ban ga laifin littafinka ba. Ɗaure raƙumi ne. Sai dai raƙumin da aka ɗaure shekara uku ba a hau ba, ya kamata a tambayi mai shi ko tafiyar ce ba ya so.

Sabon Jini:
Allah ya gafarta Malam, ka gama magana. Na ce tsoro ƙarya ne, shaiɗan ne kawai.

Bamafare:
Ƙanena Sabon Jini, sau biyu ke nan kana cewa tsoro ƙarya ne. Na yi shiru da farko, yanzu ba zan iya ba.

Ni mutumin Talata Mafara ne. Ruwan Bakolori muka buɗe ido muka gani, madatsar da aka gama tun 1978, kakanninmu da iyayenmu sun ci abinci a ƙarƙashinta. Ina da gona da ban taka ba shekara huɗu, ba don mai ya yi tsada ba. Wanda ya raka ni ganin ta na ƙarshe ba ya duniya. A Satumban 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara, sana'ar POS da na koma yi ita ma ta tsaya cak, sai mutum ya yi tafiya zuwa wata jiha kafin ya kira ɗan'uwansa. Ka zo ka ce mini wannan a kaina yake?

Akwai tsoron da Allah ya sa wa bawa don ya tsira da ransa. Wanda ya ƙi jin sa ba jarumi ba ne. Ku ma nan Kabi ai kun sani, ku tambayi mutanen Danko-Wasagu da Sakaba, ko na wajen Augie.

Malamin Lissafi, abin da zan ce maka: in hanyar ƙauyenku lafiya lau ce, kana iya zuwa ka kwana ka dawo, to abin da ke hannunka mu shi muke roƙo a sujada. Ban ce ka shiga ba, ban ce kada ka shiga ba. Amma ka rarrabe, wanne ne tsoron rai, wanne ne tsoron kuɗi, wanne ne tsoron kunya. Ba kuɗinsu ɗaya ba.

Sabon Jini:
Yaya ka yi haƙuri, wallahi ban nufi haka ba. Allah ya kawo mana ƙarshen abin nan.

Mai kula da zaure:
Amin. Na goge saƙonni biyu da suka fara shiga siyasa. Mu tsaya kan tambayar Malam don Allah.

'Yar Zuru:
Nawa ba noma ba ne amma bari in jefa. Na koma karatu ina da 'ya'ya uku. Ranar jarrabawar JAMB na shiga ɗakin na ga duk sa'o'in ƙanwata ta ƙarshe ne, ni kaɗai da goyon ciki wata biyar. Tun 2015 aka mayar da ita ta kwamfuta gaba ɗaya, ni kuwa sau uku na taɓa zama gaban kwamfuta a rayuwata, duk cikin makon. Hannuna yana rawa har abin matsawar nan yana zamewa, kibiyar tana gudu can gefe ina bin ta. Wata yarinya kusa da ni ta dube ni ta yi murmushi, na ji kamar ƙasa ta tsage. Minti goma na farko ban amsa ko ɗaya ba. Daga nan na ga tambayar da na sani, na danna, sai ta biyu.

Malam ka tambaya ko tsoron yana fita tukuna. Ni dai bai fita ba. Tare muka shiga, tare muka fito, ranar duba sakamako ma yana nan. Yanzu ina shekarar ƙarshe a karatun jinya, kuma ranar da aka fara ba ni allura in yi wa mutum, shi ne dai ya dawo.

Mu a ƙasarmu saurayi yakan yi shekara bakwai yana golmo, wato noma a gonar surukai, kafin a ba shi mata. Kai gonarka ce ta gado, ba wanda ya ce ka yi golmo, ka tsaya kana kallon ta daga Birni!

Kawu na Argungu:
Salamu alaikum. Jikana ya karanta min abin da kunka rubuta duka, shi ka rubuta min wanga.

Ɗana malamin makaranta, shekarata arba'in da wani abu cikin hwadama. Ruwan 2020 ya same ni da shinkahwa ta yi ciki, na tsaya bisa tudu ina kallon gonata ta koma gulbi, kwalekwale na wucewa bisa kanta. Da ruwa ya janye munka koma munka yi na rani. Ba jarunta ba ce, ba mu da wata sana'a.

In za ka yi bana, ga yadda a kai. Kada ka taɓa kadada guda. Ka yanki kwata, ko ƙasa da haka, abin da in ya lalace ba za ka kasa sayen abincin gida ba. Rijiyar hwadama ba ta da zurhi wajenku, masu haƙawa na gamawa cikin yini. Iri ka nemi Faro 44 wajen wanda ka yarda da shi, wata huɗu ba ya cikawa an yanke. Ka yahwa iri, in ya yi mako ukku a cire a dasa, kada ka bari ya tsuhwa cikin reno. Amma ka sani in sanyi ya yi ƙarhi iri ba ya tashi da wuri, ya kan yi ja ya tsaya, kada ka ce cuta ce ka tahi sayen magani. Fangali, wato kowane yanki da ka riƙe ruwa, ka gyara shi ya kwanta daidai, in gehe guda ya hi tudu, mai za ka yi ta ƙonawa banza. Inji kuwa mutane da yawa sun maishe shi na gas tun da mai ya hau, ka tambaya nan kusa da kai.

Ranar gasar kamun kihi ta Argungu a gulbin Matan Fada, in anka buga bindiga, dubban mutane ka rugawa cikin ruwa, ba wanda ya san inda giwan ruwa yake. Amma ban taɓa ganin wanda ya hwaɗa ba gora ba homa ba. Kai kana da gora kana da homa, bindiga an buga tun shekara ukku.

To amma duk wanga ba shi ne ba. Na saurari labarinka, ka hwaɗi mai, ka hwaɗi taki, ka hwaɗi gwamnati. Abu guda ka ambata sau guda ka wuce da sauri. Ɗan'uwanka da ke noma gonar. Ka taɓa buɗe baki ka ce mishi kana son abinka?

Malamin Lissafi:
Kawu, na karanta saƙonka tun bayan la'asar, sai yanzu na iya amsawa.

Ban taɓa ba. Ko sau ɗaya. Sau uku ina zuwa ƙauye da niyyar faɗa, in na zauna a zaurensa aka kawo fura, yaransa suka zo gaishe ni, su takwas, sai in ce na zo duba lafiya ne. Ya girme ni da shekara goma sha biyu. Shi ya yi jinyar babanmu wata bakwai ina makaranta a Sakkwato, shi ya shiga kabari ya sa shi. Da wane baki zan ce ya tashi daga gonar da yake ciyar da gidansa? A ce ɗan boko ya zo da takalmi ƙafa ciki ya ƙwace?

Littafin nan nawa shafi arba'in da wani abu, babu layi ɗaya da sunansa ya fito. Yau na lura.

Maman Ihsan:
Allahu akbar. Ashe nan gizo ke saƙar.

Akawu:
To yanzu na ƙara tsayawa kan bakana. Noma da dangi, kuɗi da dangi, ƙarshensa gaba. Za ka sami shinkafa ka rasa ɗan'uwa. A bar kaza cikin gashinta.

Almajirin Gwandu:
Akawu, shirun ma yana da ranar biya. Yau su biyu sun san gonar ta wane ce. Shekara ashirin nan gaba in ba ransu, 'ya'yan wancan sun tashi sun ga ubansu ke noma, 'ya'yan wannan suna da labarin gado, alƙali ne zai raba su. Kotunanmu cike suke da irin wannan. Ko Malam ba zai noma ko fangali ɗaya ba, wajibi ne a zauna a faɗi ta wane ce, a rubuta, a sa shaidu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, kuma tsakanin musulmi 'yan'uwan juna.

Amma alherin da ya yi wa mahaifinku ba abin mantawa ba ne. Kada ka je masa da takarda a hannu tun daga ƙofa.

Kawu na Argungu:
Ɗana, kada ka tahi kai ɗai, kuma kada ka yi ta waya. Ka nemi babba cikin gidanku wanda shi ma yake jin kunyatai, baffa ko gwaggo. Ka riƙa goro da ɗan abin da ka iya. Kada ka ce ka zo karɓa. Ka ce ka zo koyo, kana son yanki kaza bana, kuɗin mai da taki naka, ido da hannu nashi, in an girbe ga rabonshi. Injin da za ka saye ya sha nashi gehen shi ma. Ka ga noman wayar da Akawu ka tsoro ya ragu, don wanda ruwanshi ke cikin injin ba ya bari ya lalace.

Ba na ce zai yi murna ba. Mutum ne.

Ɗan Kamba:
Ni dai abin da zan ƙara, kada ka jira gwamnati ta daidaita. Mu 'yan bakin iyaka mun gani: an rufe iyaka a Agustan 2019, an fara buɗewa ƙarshen 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar a 2023. A 2015 nan Birnin Kebbi Shugaba Buhari ya zo ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance, kowa ya ruga gona, yau kuma ana wata maganar. Wanda ya ce sai iska ta tsaya zai yi shiƙa, da ƙaiƙayi zai kwana.

Sabon Jini:
Malam in za ka je ranar Asabar ina da babur, Bunza ba nisa. Kyauta, mai kawai za ka zuba.

Malamin Lissafi:
'Yan zaure, kwana goma sha tara ke nan, na ga wasu suna tambaya ta akwatin sirri, bari in faɗa a nan gaba ɗaya.

Na je. Gwaggonmu na ɗauka, ƙanwar babanmu, ita kaɗai ta rage. A hanya sau biyu na so in ce wa Sabon Jini mu juya, kunyar yaron ce ta hana ni (ashe ɗalibina ne na da, sai da ya cire hular kwano na gane shi). Da muka zauna bakina ya bushe, Gwaggo ce ta buɗe maganar. Yayana ya yi shiru yana tona ƙasa da tsinke, ya daɗe. Sannan ya ce, "Tun shekarar da Baba ya rasu nake jiran ranar nan. Duk zuwan da kake yi na san abin da ke kawo ka, in ka tafi ba ka faɗa ba ni ma ba na barci."

Ba zan ce muku komai ya tafi sumul ba. Na nemi rabi, ya ce ya riga ya zuba takin gida a gefen gabas, muka tsaya kan kashi ɗaya cikin uku. Da aka zo maganar rubutawa ransa ya ɓaci, ya ce yaushe muka fara haka a gidan nan. Gwaggo ta ce tun ranar da ta ga abin da ya faru a gidan maƙwabta. Liman da mai unguwa suka sa hannu. Matarsa ba ta fito ta yi mini sallama ba da zan tafi, kuma har yau in na kira gaisuwar gajera ce. Akawu, ban ce ka yi ƙarya ba, muna dai gani.

An haƙa rijiya ranar Talata. Na sayi inji na hannu wajen wani a Kalgo, sabo ya fi ƙarfina. Asabar da ta wuce muka yafa iri, ni da shi da babban ɗansa, na shiga laka da wandon makaranta har yara suna dariya. Jiya ya turo mini hoto, ya fara fitowa kamar gashin jariri. Ƙarfe uku na dare har yanzu ina farkawa in kama lissafin jan-baki da farashin watan Afrilu.

Kawu, tambaya: injin yana tashi lafiya amma sai ya yi minti biyar bai jawo ruwa ba, sai mun yi ta ɗura masa ta sama. An cuce ni ne?

Kawu na Argungu:
Ba a cuce ka ba, iska yake sha. Ka duba bakin tiyo inda ya haɗu da inji, ka yanki robar tayar keke ka naɗe shi tamau. In bai bari ba, robar cikin ce ta ci, kowane makanike na da ita. Kuma ka gaya ma yayanka ya lura da reno, sanyi ya shigo.

Akawu:
Ka rubuta kuɗin robar a littafin. Watan Afrilu ina nan, zan tambaye ka buhu nawa.